Lakar Ƙasan Teku a Zauren Baffa

Ni dai ban taɓa ganin teku ba, kuma a yadda ƙafafuna suke yanzu ba na jin zan gan shi. Amma na taɓa ƙasar da ke can ƙarƙashinsa da yatsana. A cikin gwangwanin taba sigari ta zo mana Fagge, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, kuma ita ce kawai abin da na samu na kabarin mijina.

Mijina wanki da guga yake yi. A Sabon Gari ya koyi sana'ar, a can kuma ya yi aboki, wani kafinta Kirista mutumin kudu da ya girma a Kano. Kafintan ne ya fara samun aiki a wani jirgin ruwa da ke tashi daga Ikko, irin wanda ke bin wayar tangarahon da Turawa suka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, in ta tsinke ya janyo ta sama a gyara. Da ya zo hutu ya ce ana neman mai guga a jirgin, sai mijina ya bi shi. Ya bar ni a gidansu tare da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, da ƙanen mahaifinsa, Baffa, wanda ya gaji zaure da girman gida tun rasuwar yayansa.

Sana'ar Baffa zama ce. Da an idar da sallar asuba zai shimfiɗa buzunsa a zaure, ya ajiye goro a gefe, abokansa su taru, ya yi ta warware musu al'amuran duniya har azahar. Ya san abin da ya sa Jamus ta faɗi a yaƙi, ya san abin da Gwamna ke ci da safe. Ruwan da ya taɓa gani a rayuwarsa kuwa shi ne rafin Jakara in ya cika da damina, sai kududdufin bayan gidanmu. An ce ya taɓa ƙetare kogin Challawa sau ɗaya, a goye a bayan wani ƙato, idonsa a rufe. Wannan mutumin ne aka bar wa hukuncin abin da ke ƙasan teku.

Wata Lahadi da la'asar kafintan ya yi sallama a ƙofar gida, da akwatin mijina a kansa. Ina bayan ƙyauren zaure da tsintsiya a hannu, don haka babu abin da ya wuce ni. Ya sauke akwatin, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa. Hausarsa irin ta Sabon Gari ce, ba ruwanta da mace ko namiji, amma ba wanda bai gane abin da ya faɗa ba. Zazzaɓi ne ya kama mijina suna tsakiyar ruwa, nesa da kowane gari. Akwai Musulmi biyu a ma'aikatan jirgin, su suka yi masa wanka, suka naɗe shi, suka yi masa salla, aka ɗaura ƙarfe a ƙafafunsa aka saukar da shi. Washegari da ƙugiyar jirgin ta janyo waya daga wannan wurin, ta fito da laka a jikinta. Sai kafintan ya kankaro ya cika gwangwani, saboda a garinsu, in mutum ya mutu a nesa, akan kawo wa danginsa ƙasar inda ya kwanta.

Ya miƙa gwangwanin da hannu biyu. Baffa ya karɓa da yatsu biyu.

"Ka ce a ruwa kuka sa shi," in ji Baffa.

"A ruwa, Baba."

"To wannan ƙasar fa?"

"Daga ƙasan ruwan ta fito, Baba."

Baffa ya dubi abokansa ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya shirya dariyarsa. "Kun ji. Wai teku da ƙasa. Ai kowa ya san in ka jefa dutse a teku, har a busa ƙaho yana tafiya." Ya buɗe murfin, ya sunsuna, ya yamutsa fuska. "Lakar Jakara ce. Yaron nan dai mace ya samu a Ikko, ya turo wannan ya zo ya rufe mana baki."

Kafintan bai yi fushi ba, ko kuma ya yi ya haɗiye. Ya ce Musulmin nan biyu suna nan a Ikko, ya san unguwarsu, a tura mutum ya tambaye su. Baffa ya ce, "Za mu duba." Na zauna a gidan nan na isa in san ma'anar wannan magana. Rufin ɗakin girki ma tun kafin a kawo ni ake duba shi.

Abin da ke cin Baffa ba ɓoyayye ba ne. Ya riga ya gaya wa rabin Fagge cewa wani mai duba ya tabbatar masa ɗan yayan nasa zai dawo da keke da teku guda na arziki. Yanzu kuma a ce wani daga Sabon Gari ya zo da gwangwani ya ƙaryata shi a gaban majalisarsa? Gara a ce yaron ya lalace a bariki, wannan ai ba laifin mai duba ba ne.

Ni kuwa tun a daren na gaskata. Da na buɗe akwatin, dutsen gugarsa ne a sama, da sauran toka a ciki. Mutumin da ya gudu wajen wata mace ba ya aiko da abin cin abincinsa gida.

Inna ce ban iya karantawa ba. Mijina ɗanta ne na fari, kuma ita mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar ko ya ci abinci a gaban mutane ba, "yaron nan" kawai take cewa, shi ma in ya zama dole. Da aka gaya mata abin da ya faru a zaure, kaɗinta take yi, ba ta ko tsayar da mazari ba. Ta ce, "Wanda ya mutu ƙasa ake zuba masa. Wa ya zuba masa?" Na gane daga baya cewa maganar Baffa ta kama ta riƙe, ba don ta yarda da hankalinsa ba, sai don ita ce maganar da ɗanta ke da rai a cikinta.

Da gari ya waye na cire 'yan kunnena, ban sa kwalli ba, na ɗaura wani tsohon zane. Takaba nake nufin shiga, kamar kowace matar da mijinta ya rasu: ki ajiye ado, ki tsefe kai, ki zauna a ɗaki, a zo a yi miki gaisuwa, ki yi kukanki ba mai cewa don me. Ban kai hantsi ba matar Baffa ta kai rahoto. Aka kira ni bakin zaure.

"Fata kike yi masa?" in ji Baffa. "Mijinki na can da ransa kina nan kina jawo masa mutuwa? Koma ki gyara jikinki. Matar aure ce ke."

Haka aka mayar da ni amarya da ƙarfin tsiya. Matar Baffa ta ɗauki aikin duba idona kowace safiya, ta ga ko kwalli ya ji. In kitsona ya fara tsufa, a kira mai kitso, ni in durƙusa ana ja mini gashi ana yi mini hirar irin tsarabar da za a kawo mini daga Ikko. Da salla ta zo aka ƙunsa mini lalle hannu da ƙafa. Matan maƙwabta su shigo da fuskar ta'aziyya da bakin fatan alheri, su ce Allah ya dawo da shi lafiya, suna leƙen idona ko ya kumbura, don su sami abin kai wa gaba. Duk cikinsu babu wadda ba ta san ya mutu ba. Amma tunda Baffa bai buɗe baki ba, ba wadda za ta fara. A bayan gida nake kukana, a gurguje, in wanke fuska in sake zizara kwalli. Na tsani kwallin nan, har yau ba na sa shi.

Ana cikin haka sai gwangwanin ya fara suna. Baffa ya ajiye shi a wata 'yar taga a zaure, kuma labari ya zaga unguwa cewa a gidanmu akwai ƙasar ƙarƙashin teku. Wanda ya fara zuwa wani falken goro ne mai tsoron ƙetare Kwara. Ina shara na ji Baffa, da bakin nan nasa da ya ce lakar Jakara ce, yana cewa, "Wannan ƙasa ce da ruwan duniya duka ya zauna a kanta bai cinye ta ba. A ɗinke maka ita a laya, kai da nutsewa har abada." Ya ɗebo masa da bakin wuƙa. Bayansa wani ɗan dambe ya zo. Sai wani mai ɗa ɗan shekara goma da ke fitsarin kwance, aka ce a jiƙa a ba yaron, wai abin da ya riƙe teku ba zai kasa riƙe mafitsara ba. Baffa ba ya karɓar komai, ba zan yi masa ƙarya ba. A durƙusa masa a ce Allah ya ƙara sani, wannan ya ishe shi abinci.

Wato in maganata ta taso, lakar Jakara ce. In baƙo ya yi sallama, daga ƙasan teku take. Gwangwani ɗaya, kuma ba a taɓa samun wanda ya haɗa maganganun biyu a majalisar nan ba, duk da gemunan da ke cikinta.

Damina ta shiga ta fita. Wata safiya Baffa ya tafi ɗaurin aure, na shiga share zaure, na ɗauko gwangwanin na buɗe. Har gindinsa ya fara bayyana. Abin da ya saura ya bushe ya yi fari-fari, ya tsattsage. Na sa gwangwanin a haɓar zanena na nufi ɗakin Inna. Tana zaune da auduga a hannun hagu, mazari na juyawa a tasa. Na durƙusa, na ajiye gwangwanin kusa da katantanwar allinta, na faɗi maganar da ban taɓa zaton bakina zai iya ba.

"Inna, kabarin ɗanki ake rabarwa a zaure. Saura wannan."

Ba ta dube ni ba. Mazarin ya yi ta juyawa har ya gaji ya kwanta. Can sai ta sa yatsa a gwangwanin, kamar yadda take dangwalar alli in za ta murza zare. Ta murza tsakanin yatsunta, ya bi jikinsu sumul, babu tsakuwa, babu wari. Ta kai bakin harshenta.

"Jakara ba ta da gishiri," in ji ta. "Ɗauko mayafinki."

Tsakanin gidanmu da Sabon Gari ba wata tafiya ba ce, in iska ta juyo har ƙararrawar cocinsu muna ji. Amma Inna ta tsufa a Fagge ba ta taɓa taka can ba. Muka ƙetare titi, muka shiga layukansu miƙaƙƙu, ga ƙamshin manja, ga waƙar garmaho na tashi daga wani shago, ga mata suna ciniki da kai a buɗe. Inna ba ta kalli kowa ba. Ni ce mai tambaya, kuma ba mu sha wuya ba, kowa ya san kafintan da ya yi aikin jirgin ruwa. Muka same shi yana feƙe ƙafar kujera a ƙofar ɗakinsa. Bai koma jirgin ba, ya ce shi da ruwa sun gama. Matarsa ta kawo mana benci da ruwan sha, ta koma gefe ta tsaya.

Inna ta ajiye gwangwanin a kan benci. "Ɗan nan, gaya mini gaskiya. Mene ne wannan?"

Ya ga yadda ya ragu, ya dube ni. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙaramin faranti da wani gilashi mai hannu, irin wanda ke ƙara wa abu girma, ya ce mai gyaran wayar jirginsu ne ya bar masa. Ya ɗebi ɗan kaɗan ya jiƙa a farantin, ya dama da yatsa, ya tsiyaye farin ruwan a hankali, ya ƙara wani ya tsiyaye. Abin da ya kwanta a ƙasa kamar garin gero ne mai ɗan tsaki. Ya miƙa wa Inna gilashin.

Ta kanga a idonta, ta matsar, ta janye. "Idona ya tafi. 'Yar nan, duba mini. Me kika gani?"

Na sunkuya. Da farko hazo kawai na gani, sai abin ya daidaita. Ba ƙasa ba ce irin tamu. 'Yan ƙwayoyi ne farare, kowanne da siffarsa, wasu a dunƙule kamar an haɗa ƙwallaye uku, wasu a naɗe.

"Katantanwa ce, Inna," na ce. "Ƙanana ƙwarai. Ba su kai ƙwayar gero ba. Ba su da iyaka."

Kafintan ya ce haka mai gyaran wayar ya nuna masa. Wasu 'yan halittu ne ke rayuwa a saman ruwa, ido ba ya ganinsu. In sun mutu sai ɓawonsu ya yi ta sauka, ya yi ta sauka, har ya kai ƙasa ya kwanta a kan na jiya. Duk ƙasan tekun a wajen nan shimfiɗe yake da su, da laushi kamar kunu mai kauri, abu mai nauyi in ya sauka shigewa yake yi.

"Mama, da ƙarfe a ƙafarsa ya tafi. Ya kai ƙasa. Ya shiga ciki."

"Abin nan har yanzu yana zuba?"

"Har yanzu, Mama."

"Ko da rani?"

"Ko da rani. Dare da rana."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To, an zuba masa." Ta rufe gwangwanin, ta ɗaure shi a bakin mayafinta, ta yi wa kafintan godiya irin wadda ban taɓa jin ta yi wa wani namiji ba, ta sa wa 'ya'yansa albarka. Matarsa ce ta yi kukan da mu ba mu yi ba.

Shekaru da yawa bayan haka, wata jikata da ta yi karatun irin waɗannan abubuwa ta gaya mini cewa zubar nan a hankali take ƙwarai, kafin ta tara kaurin yatsa sai an yi kaka da kakanni. Tana tsoron kada abin ya ɓata mini rai. Na ce mata ko a haka ta fi majalisar Baffa sauri.

Da muka dawo Baffa ya riga mu, yana zaure yana laluben taga. Inna, wadda a ka'ida ratsa zauren take yi da kai a sunkuye, ta tsaya cak a tsakiyar mazan.

"Baffan yara, gobe ƙanena zai hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya nemo mutanen da suka yi wa yaron nan salla."

"Ai na ce za mu duba."

"Na duba."

Ya hango ƙullin da ke bakin mayafinta. Ko kunya babu, ya ce, "To a bar mini gwangwanin, na yi wa wani alkawari."

"Ka ɗebo masa a Jakara," in ji Inna. "Ai ka ce duk ɗaya ne."

Ƙanen nata ya tafi, ya same su a inda kafintan ya kwatanta, ba tare da wata wahala ba. Ya taho da su Kano, wani Bayarabe mutumin Ilori da wani Babarbare, suka tsaya gaban alƙali suka faɗi abin da hannuwansu suka yi. Abin da aka shafe watanni ana dubawa, a zama ɗaya ya ƙare. Aka tabbatar mijina ya rasu, aka yi addu'a a ƙofar gida, Baffa ne a gaba yana karɓar gaisuwa, yana gaya wa mutane cewa shi dama tun farko jikinsa ya ba shi.

Ni kuwa na shiga ɗaki na fara cire 'yan kunne, zuciyata har da wani sanyi, don yau dai ba mai hana ni. Sai aka aiko wai liman yana son magana da ni. Na durƙusa a bayan ƙyaure. Mutumin kirki ne, muryarsa ma ta nuna ba ya jin daɗin abin da zai faɗa. Ya ce takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da aka yarda ba. Tawa ta riga ta cika tun tuni. Babu sauran zama a kaina.

Wato ta wuce ina cikin lalle. Ta wuce ana yi mini kitso ana yi mini hirar tsaraba. Abu ɗaya da ya saura in yi wa mijina a duniya, an cinye mini shi a zaure da goro.

Baffa ya leƙo da fara'arsa. "To, kin gani? Kin huta. Ba don ni ba da kin sha zaman ɗaki." Kafin magariba har ya fara lissafa manema, cikinsu har da uban yaron nan mai fitsarin kwance.

Na miƙe na bar wajen. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ɗan kunne ɗaya a hannu, ɗaya a kunne, ban san wanda zan bi ba. Sai ga Inna ta ɗaga labule. Ba ta saba shiga ɗakina ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kwance gwangwanin daga mayafinta ta ajiye a tsakiya, ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Liman ya faɗi gaskiya, ba a kanki take ba," in ji ta. "Amma ban ji ya ce an hana ki zama ba. Zo nan."

Na zauna tsakanin ƙafafunta. Ta zare ɗan kunnen da ya saura, ta sa tsinke ta fara tsefe mini kitson da matar Baffa ta sa aka yi mini. Tana yi tana hutawa. Ni da na aure shi ban taɓa kiran sunansa ba, don matar kirki ba ta kiran sunan miji. Ita da ta haife shi ba ta taɓa ba. Sai da ta kai kitso na ƙarshe, a bayan kunnena na hagu, na ji ta faɗe shi a hankali, sau ɗaya, kamar tana tashinsa daga barci. Ni ma na faɗa.